Dokar 'Yan Lambatu

Filin da suke atisaye ba fili ba ne da za a nuna wa baƙo. Ta gabas lambatu ne, ƙato, wanda ke kwaso ƙazantar kasuwa da ta unguwa ya wuce da ita. Ta yamma gidan wani tsohon soja ne mai karnuka, wanda in ƙwallo ta faɗa masa yakan dawo da ita, wannan kam ba a yi masa ƙarya, amma sai ya soka mata wuƙa tukuna. A tsakanin waɗannan biyun kulob ɗin ya girma, a nan kuma dokar ta samo asali: wanda ya fitar da ƙwallo, shi zai ɗauko ta. In lambatu ta faɗa, ka tuɓe takalmi ka shiga. In gidan soja ne, ka je ka yi sallama, Allah ya sa karnukan na barci. Ba a aiken kowa, ba a tsayar da wasa a jira ka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wanda ya shiga lambatun nan sau ɗaya ba ya son na biyu. Shi ya sa duk wanda ya taso a kulob ɗin ya iya riƙe ƙwallo a ƙasa, ya miƙa ta kusa, ya bi ta da gudu kafin ta taɓa layi kamar ransa ne zai fita. Sauran ƙungiyoyi suka sa musu 'Yan Lambatu don su ji haushi. Su kuwa suka karɓa, har suka rubuta a bayan mota.

Mai tsaron dokar shi ne mai tsaron ragarsu, wanda kowa ke kira Makulli. Shi ne kyaftin, shi ne babba a cikinsu, shi ya yi waldar sandunan ragar da hannunsa, don sana'arsa ke nan kafin ƙwallo da bayan ƙwallo. Yana da murya irin ta masu sayar da kaya a tasha. Daga cikin raga, da ya ga ƙwallo ta doshi layi, sai ka ji ya buɗe maƙogwaro: "Kar ta fita!" Shekara goma sha wani abu yana wannan ihu, safe da yamma, har yaran unguwa suka mayar da shi wasa. Matarsa ta ce ko a barci ya sha yi, ranar da ya fara ta zaci akuyar maƙwabta ce ta tsinke.

Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya Makulli yake so, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana so ya tsaya a raga a wasan babban rukuni, ko da sau ɗaya, kafin ya ajiye. Ya ga sa'o'insa sun tafi manyan ƙungiyoyi, ya ga wasu sun daina sun yi tumbi. Shi ya tsaya, suka hau daga rukuni zuwa rukuni da shi a raga.

Matarsa ba ta taɓa zuwa kallonsa ba. Tana aiki a shagon magani, kuma ta ce abin da take gani a gwiwoyinsa in ya dawo ya ishe ta kallo.

"Ranar da za ka tsaya a babban rukunin nan da ka ishe mu da shi, zan zo," haka take cewa. "Har hoto zan yi maka. Kafin nan dai ka bar ni da tafasa ruwan gashi."

Shekarar da suka hau babban rukuni, a wasan ƙarshe wanda ya ba su hawan, Makulli ya fito tarar wani ɗan gaba, suka haɗu, gwiwarsa ta dama ta yi ƙara. Ya ƙarasa wasan a ƙafa ɗaya. Mutane suka ɗauke shi a kafaɗa suna waƙa, shi kuwa yana cije leɓe. Washegari likita ya duba ya ce sai an yi aiki, kuma ya manta da ƙwallo na wasu watanni.

Yana dogara sanda ya je kasuwa ya sayi sabuwar safar hannu, fara, mai kyau, irin wadda bai taɓa saya wa kansa ba. Ya ce ba za ta taɓa ƙwallo ba sai a babban rukuni. Ya sa ta a saman kabad cikin ledarta.

Tunda kyaftin na kwance, dole aka nemi wani. Wata babbar ƙungiya ta ba su aron wani matashin gola da ba ta da wurin sa shi, siriri, mai dogayen hannuwa, wanda in ya yi tsalle sai ka ce ba ƙashi a jikinsa. Kafin sati ya zagayo an sa masa Roba. Ranar da ya fara atisaye ya buga wata ƙwallo sama, ta yi ta tafiya, ta faɗa lambatu. Ya tsaya yana jiran a miƙo masa wata. Makulli na zaune a gefe a kan bokiti, ƙafa a miƙe.

"Ɗan'uwa, me kake jira?"

"Ƙwallo, Yaya."

"Ga ta can tana jiranka ita ma. Tuɓe takalmi."

Roba ya dubi Koci, Koci ya dubi sama. Ya shiga. Tun daga ranar bai sake buga ƙwallo sama ba in ba dole.

Masu sharhi a rediyo sun gama yanke musu hukunci tun kafin a fara. Wani ya ce 'Yan Lambatu sun zo yawon buɗe ido ne, su sha kallo su koma. Ba a yarda su yi wasa a filinsu ba, don ba shi da wurin zama balle ɗakin alƙalai, sai aka ba su aron babban filin gari. A can akwai ciyawa, akwai masu tsinto ƙwallo a kowane lungu, in ta fita kafin ka juya an miƙo wata. Amma sabo turken wawa. Yaran nan suka ci gaba da bin ƙwallo kamar lambatun na nan a gefe. Manyan ƙungiyoyi sun saba a buga sama, a fitar, a yi jifa, a huta. Da suka haɗu da mutanen da ba sa ba da wannan hutun, sai ka ga ƙato mai tsada ya dafa ƙugu tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Wasan farko kunnen doki. Na biyu suka ci. Na huɗu suka je gidan masu riƙe da kofi suka yi musu ɗaya mai ban haushi, suka dawo a motar nan mai rubutu a baya, wadda ta mace musu a hanya har sai da 'yan wasa suka tura.

Roba kuwa, a faɗi gaskiya, gola ne. Makulli ya fi kowa sani, don ya san abin da yake kallo. Yaron yana kama ƙwallon da shi Makulli, ko a ƙuruciyarsa, sai dai ya bi ta da ido. An fitar da su daga gasar kofi tun zagayen farko, lokacin Makulli na dogara sanda, don haka babu wani ƙaramin wasa da ya rage da za a ce a gwada tsohon hannu.

Da gwiwar ta warke ya dawo atisaye, suna na shida a teburin gasa. Ya yi sati biyu yana faɗuwa yana tashi a ƙasar filin, da tsohuwar safarsa, don Koci ya gani. Koci ya gani. Tare suka taso, sun yi wasa tare kafin Koci ya daina, kuma ba mutum ne mai kwana-kwana ba. Koci ya kira shi bayan raga bayan kowa ya watse.

"Makulli, ka san abin da zan faɗa."

"Na sani. Amma faɗi, in ji da kunnena."

"Ba zan cire yaron nan ba. In na cire shi yanzu, kai ma sai ka zage ni a ranka."

"Ban ce ka cire shi ba."

"To ka yi haƙuri. Kakar wasa tana da tsawo. Da mun tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni, aka zo wasan da ba ya ƙara mana komai ba ya rage mana komai, naka ne, daga farko har ƙarshe. Na yi maka alƙawari."

Makulli ya ce babu komai. Ya ɗauko sabuwar safar daga saman kabad ya sa a jakarsa, yana zuwa da ita kowane wasa, yana zama a benci da ita a cinya. Daga bencin ma bai fasa aikinsa ba. Da ƙwallo ta doshi layi sai ka ji shi, ya fi lasifikar filin ƙara, alƙali na huɗu, mai tsayawa kusa da benci, ya sha juyowa ya ce masa, "Malam, don Allah, kunnena." Wanda ya fi kowa jin muryar shi ne mai tsaron baya na dama, wanda ake kira Ɗan Tela, don rabin kowane wasa gefensa ne ke kusa da benci. Makulli ne ya kawo shi kulob ɗin, shi ya fara tura shi lambatu, shi ya tsaya masa ranar aurensa. Ɗan Tela yakan ce in Yaya ya yi ihu, ƙafarsa ke ji kafin kunnensa.

Wata rana a tsakiyar kaka, a wasan waje, aka yi bugun kusurwa, wani ya faɗa kan Roba da gwiwa. Roba ya kwanta bai motsa ba. Koci ya juyo ya ce, "Shirya." Makulli ya yage ledar, ya zura safar, ya fara tsalle a gefen layi. Yana kallon masu magani sun durƙusa kan yaron, sai ya ji abin da ransa ke faɗa, kuma ya ji shi sarai: kar ya tashi. Ba wai ya mutu ba, ba wai ya karye ba, ya dai kwanta na yau kawai.

Roba ya tashi. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu, aka tafa masa. Makulli ya koma ya zauna ya cire safar a hankali, yatsa-yatsa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kunyar da ba wanda ya gani. A mota da za su dawo ya tashi daga kujerarsa ya koma kusa da Roba, ya riƙe masa ƙanƙara a haƙarƙari har suka iso gari. Roba na ta cewa, "Yaya, bar shi, zan iya." Shi kuwa ya ce masa ya yi shiru ya kwanta.

Suka tsira daga faɗuwa da wuri, tun kaka na da sauran tafiya. Aka yi murna a ɗakin sa kaya, aka watsa wa Koci ruwa. Makulli ya jira. Sai dai da aka duba teburi, suna na biyar, kuma masu na uku ba su yi nisa ba, na uku kuwa shi ke tafiya gasar nahiya. Kulob ɗin da ke tura mota a hanya zai hau jirgin sama. Wa zai ce wannan wasan ba ya ƙara komai? Kowane sati wasan da ke gaba ya zama shi ne mafi girma a tarihinsu. Da suna ta faɗuwa, ko suna tsakiyar teburi ba gaba ba baya, da tuni ya buga. Cin wasa ne ya hana shi. Kuma duk ƙwallon da suka ci, shi ne farkon tashi daga benci da ihu, da gaske yake yi, ba don a gani ba. Sai in ya zauna ne damuwar ke dawo masa.

Koci ya daina haɗa ido da shi. Makulli bai je ya tuna masa alƙawari ba, don ya san in shi ne a wurin, haka zai yi.

Gwiwar kuma ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta fara kumbura bayan kowane atisaye. A shagon walda, in ya tsuguna kan ƙofar ƙarfe, sai ƙanensa ya ba shi hannu kafin ya miƙe. Likita ya sake dubawa, ya ce masa wannan kakar ce ta ƙarshe, in kuwa ya ƙi ji, zai tsufa da sanda. Ya dawo gida ya tarar da matarsa tana ninke kayan makarantar yara. Ya faɗa mata a tsaye. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"To ka gaya wa Koci mana."

"In gaya masa me? Ya ji tausayina?"

"Eh, ya ji tausayinka. Haramun ne? Shekara nawa kana faɗuwa a kan tsakuwa saboda su?"

"Ba na son a sa ni don tausayi."

"Kai dai kana so a sa ka. Ni da kai ne a ɗakin nan, Baban yara, ba sai ka yi mini kyaftin ba."

Gaskiya ta faɗa. Ta ɗora ruwa a wuta, ta zo ta gasa masa gwiwar kamar kullum, tana yi tana mita. A ƙarshe ya gaya wa Koci, ba don tausayi ba, ya ce, don su fara neman wani gola na biyu. Koci ya daɗe yana murza hularsa.

"Wasan ƙarshe a gida ne," ya ce. "In mun sa biyu babu ko ɗaya, zan saka ka, ko minti nawa ya rage. In ɗaya ne ba zan iya ba, Makulli. Ka gafarce ni."

"Ko ni ba zan yarda ba," in ji Makulli.

Lissafin wasan ƙarshe mai sauƙi ne. Suna na uku, wata ƙungiya na bin su a baya dab da dab, kuma ita ma tana nata wasan a wani gari a daidai lokacin. In 'Yan Lambatu suka ci, sun tafi. In ba su ci ba, sai dai waccan ma ta faɗi.

Da safe yana haɗa jaka sai ya ga matarsa ta fito cikin kayan fita, ta sa wayarta a caji.

"Ina zuwa?"

"Kallon ƙwallo."

"Ai ba tabbas zan shiga."

"Na karɓi hutu a wurin aiki, ba zan mayar musu ba. In ba ka shiga ba na ga yadda kake zama a benci, an ce ka iya."

Ya samo mata wuri a layin da ke bayan bencinsu, tare da matan sauran 'yan wasa. Filin ya cika har kan katanga. 'Yan kasuwa sun rufe rumfuna, masu walda sun zo da kayan aikinsu a jiki, har tsohon sojan nan an gan shi a wurin manya da sandarsa, mutumin da ya kashe musu ƙwallo ba adadi. Aka ce ya gaya wa na kusa da shi cewa shi ya koya wa yaran nan wasa.

Suka sa ɗaya kafin hutu. Bayan hutu suka nemi ta biyu, wallahi sun nema. Duk 'yan wasan sun san sharaɗin Koci, ba wanda ya furta amma kowa ya sani. Ɗan gabansu ya bugi sanda. Wani ya sa kai ta wuce ta sama. Golan baƙi ya tashi da ƙafar dama ranar, ya hana abin da bai taɓa hanawa ba. Da lokaci ya ja, baƙin suka fara matsowa, sai Koci ya fito bakin layi ya yi alamar da kowa ya sani, ya kifa tafin hannu yana dannawa ƙasa. A riƙe ƙwallo. Ba a neman ta biyu kuma. Makulli ya ga alamar, ya gyaɗa kai, ya ɗora safar a kan benci kusa da shi. Bai juya ya kalli matarsa ba.

Alƙali na huɗu ya ɗaga allo, aka shiga ƙarin lokaci. Can a saman rumfa wani mai rediyo a kunne ya yi tsalle, na kusa da shi suka yi tsalle, abin ya gangaro layi-layi har bayan benci. An tashi a wancan garin, waccan ƙungiyar ta sha kashi. Ko me ya faru a nan, na uku nasu ne.

Koci ya juyo da sauri har hularsa ta faɗi.

"Makulli, tashi. Tashi mana."

Ya zura safar. Mataimakin Koci ya ruga wurin alƙali na huɗu, aka danna lambarsa a allo. Ya tsaya a bakin layi, yatsun takalminsa na taɓa farin fenti. Doka ita ce ba a canji sai wasa ya tsaya. Abin da ya rage kawai ƙwallo ta fita.

To amma waɗanda ke cikin filin ba su san komai ba. Sun ji ihun jama'a, sun ɗauka na ƙarfafa gwiwa ne. A saninsu ƙwallo ɗaya ce tsakaninsu da asarar kaka guda, kuma an ce su riƙe. Suka riƙe. Kai a ƙasa, daga wannan zuwa wancan, daga wancan zuwa Roba, daga Roba zuwa gefe, yadda aka koya musu tsakanin lambatu da karnuka. Koci na ta ɗaga hannu yana nuna waje, ba mai kallonsa. Mutanen bayan benci na ihu a fitar, muryarsu na narkewa cikin ta dubban da ke waƙa. Alƙalin wasa ya duba agogo.

Sai wani ɗan tsakiya ya miƙa wa Ɗan Tela ƙwallo da ƙarfi fiye da kima. Ta wuce shi, ta doshi layi, daidai inda Makulli ke tsaye. Ɗan Tela ya biyo ta, ya gaji, ƙafafunsa sun yi nauyi, da gani ba zai kai ba. Har ya fara sassautawa. Ƙwallon na gangarowa a hankali, tana zuwa wurin Makulli kamar an aiko ta.

Makulli bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya ga ƙwallo ta doshi layi, ya ga ɗan bayansa ya sassauta, bakinsa ya buɗe.

"Kar ta fita!"

Ɗan Tela ya zube ƙasa da dukan jikinsa, ya miƙa ƙafa, ya ƙwato ta a kan farin layin, ya tura ta ciki. Jama'a suka tafa masa. Yana kwance ya ɗaga kai ya ga wanda ke tsaye a kansa da fararen safa, ya ga alƙali na huɗu da allo a hannu. Ya yunƙura zai tashi yana kiran a dawo masa da ita, amma ta riga ta yi nisa, tana tsakiyar fili, ana ta miƙa ta. Aka yi miƙa uku ko huɗu. Alƙalin wasa ya sa usur a baki ya tashi wasan.

Filin ya fashe. Mutane suka tsallako, 'yan benci suka wuce shi a guje ta hagu da dama. Alƙali na huɗu ya kashe allon, ya dube shi, ya ce, "Sai haƙuri, Malam," ya tafi. Ɗan Tela bai bi masu murna ba. Ya tsaya a gabansa, ciyawa a fuska, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ban gan ka ba. Na rantse ban gan ka ba. Da na bar ta. Ai na ma bar ta, kai ka ce…"

"Ni na ce," in ji Makulli. "Ka yi daidai. Jeka, ana nemanka."

Sai da ya tura shi da hannu sannan ya tafi. Daga baya Roba da wasu suka zo suka ɗauki Makulli a kafaɗa, kamar bara, suka zagaya da shi, ana kiran sunansa. Ya ɗaga wa mutane hannu. Ya yi murna, don abin murna ne, shi ya gina rabin abin nan. Kuma ransa ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da babu wanda zai kai wa ƙara. Koci ya rungume shi. Makulli ne ma ya tsinto masa hularsa.

Ya sami matarsa a inda ya bar ta, layin ya watse, ita kaɗai ce a zaune da waya a hannu. Ya hau matakalar da ƙyar, ya zauna kusa da ita, ya miƙe ƙafar dama. Ta miƙo wayar.

Hoton ya fito da kyau. Ga shi a bakin layi, rigarsa tsaf, safar fara tas, ga lambarsa a allo a hannun alƙali. Ya ɗan sunkuya gaba, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa a buɗe har ana ganin haƙoran ciki.

"Wannan ne kawai na samu," ta ce. "Hayaniya ta hana ni ji. Me kake faɗa a nan?"

Ya daɗe yana kallon hoton kafin ya gaya mata.

Ta juyo ta dube shi sosai, don ta ga ko wasa yake. Ta buɗe baki, ya san karin maganar da ke zuwa, wato baki shi ke yanka wuya, har ya shirya karɓa. Sai ta fasa. Ta kama hannunsa na dama ta ɗora a cinyarta, ta ɓalle maɗaurin safar, ta fara cire masa ita yatsa-yatsa.